Rocephin ba allurar kowane zazzaɓi ba ce

A duk magungunan da muke riƙewa a famasi babu wanda nake ganin girmansa kamar seftirayazon, allurar nan da mutanen Kano suke kira Rocephin ko da ba kamfanin Roche ne ya yi ta ba. Lokacin da nake aikin asibiti na ga yaran da ake kawowa wuya ya sanƙare, ana kiran sunansu ba sa amsawa, a ɗora su a kanta, bayan 'yan kwanaki ka tarar yaro ya tashi zaune yana kukan a ba shi koko. Shi ya sa abin da ake yi da ita yanzu a unguwanni yake ci min rai wallahi. Zazzaɓin kwana biyu Rocephin, ciwon kai Rocephin, mace ta ce tana fama da sanyi Rocephin, har wanda kawai ya ji jikinsa ba ƙarfi sai ya wuce kemis ya ce a yi masa guda uku ya ji daidai, kuma a yi masa ɗin, a kan benci, bayan labule, alhali lasisin mai kemis bai ba shi damar yin allura ba tun farko.

Ni a ganina da mutane sun san yadda maganin nan yake aiki a jiki da da yawansu da kansu za su ce a'a, to bara in yi bayani yadda zan iya.

Duk maganin da ka ga sunansa ya fara da cef a jikin kwali ɗan gida ɗaya ne, gidan sefalosiforin, kuma asalinsu daga ruwan ƙazanta ne. A shekarar 1945 wani likita ɗan Italiya mai suna Giuseppe Brotzu, a garin Cagliari da ke tsibirin Sardiniya, ya ɗebi ruwan teku daidai inda magudanar ƙazantar garin take zuba, ya samu wata funfuna a ciki da take hana ƙwayoyin cuta girma, har da ƙwayar taifot. Ya rubuta abin da ya gani a 1948 amma a ƙasarsa ba a samu wanda zai zuba kuɗi a aikin ba, sai aka tura funfunar Oxford a Ingila, inda aka riga aka yi aikin fenisilin. A can Edward Abraham da Guy Newton suka yi shekaru suna tacewa har suka fitar da sinadarin da aka kira sefalosiforin C. Shi ɗin ba shi da wani ƙarfi sosai, amma yana da abu ɗaya da ya ja hankalinsu, ƙwayoyin da suka iya lalata fenisilin ba sa iya lalata shi da sauƙi. Sai a 1964 na farkonsu ya shiga kasuwa. Ita seftirayazon ɗin sai farkon shekarun 1980 ta fito.

Fenisilin da amoksisilin da Ampiclox da Augmentin da duk 'yan gidan cef da merofenem, duk dangi ne, ana ce musu bita-laktam saboda a jikin kowannensu akwai wani ɗan ƙaramin zobe mai kusurwa huɗu, kuma duk aikin a wannan zoben yake. Ita bakteriya tana da bango mai tauri a bayan jikinta, don cikinta a cike yake da matsi, ba don bangon ba fashewa za ta yi. Kuma tunda kullum cikin girma take tana rabuwa biyu, kullum sai ta ɓare wani gefe na bangon ta ƙara sabon gini. Ka ɗauka magini ne yana jera bulo, sai aka ajiye masa wani abu mai kama da bulo sak, ya miƙa hannu ya ɗauka, abin ya liƙe masa a hannu ya ƙi fita, gini ya tsaya cak, su kuma masu ɓare tsohon bango don a faɗaɗa ba wanda ya ce su dakata. Bango ya yi ta raguwa har ƙwayar ta fashe. Abin da zoben yake yi wa sinadarin da ke ɗaure bangon bakteriya kenan. Mu kuma ƙwayoyin halittar jikinmu ba su da irin wannan bangon sam, shi ya sa dangin nan suna cikin antibayotik ɗin da suka fi sauƙin illa, har mai ciki da mai shayarwa ana ba su da yawa daga ciki.

To kaga daga nan amsar tambayoyi da yawa ta fito. Abin da ba shi da wannan bangon, maganin ba shi da inda zai kama. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, ba ta da shi. Mura da mafi yawan tarin da ake yi lokacin hunturu bairos ne, ba su da shi. Ko a cikin bakteriya ma akwai wadda ba ta da bango, kamar maikofilasma mai kawo wani nau'in limoniya. Ka yi wa mai maleriya Rocephin goma, ko ƙwaya ɗaya ba ka kashe ba, abin da ka taɓa kawai su ne bakteriyar da suke zaune lafiya a hanjinsa, kuma can ne matsalar take farawa, zan dawo kanta.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba, dangin nan ba yawan da ka sha lokaci ɗaya ne yake kashe cuta ba, daɗewar da maganin ya yi a jini bai sauka ƙasa da wani mataki ba ita ce take kashewa. Fenisilin cikin kamar rabin awa rabinsa ya bar jini, sefaleksin da amoksisilin kamar awa ɗaya, ƙoda tana ta fitar da su ta fitsari. Saboda haka in an ce maka sau uku a rana, nufin duk bayan awa 8 ne, ba wai bayan karin kumallo ƙarfe goma da bayan abincin rana da bayan tuwon dare ba, sannan a bar jiki awa goma sha wani abu ba komai. Abin da nake gaya wa mutane shi ne ƙarfe 6 bayan an dawo daga asuba, ƙarfe 2 wajen azahar, sai ƙarfe 10 in za a kwanta, ya fi sauƙin riƙewa. In azumi ne kuma ka gaya wa likita tun yana rubutawa, akwai masu sau biyu a rana da zai iya zaɓa in sun dace da ciwon, kar ka haɗe uku ka shanye tsakanin buɗa-baki da sahur. Ita seftirayazon a nan ta bambanta, tana maƙalewa a jikin furotin ɗin jini, kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari, tana sakin kanta a hankali, sai kamar awa 8 kafin rabinta ya fita, shi ya sa sau ɗaya a rana ya isa a yawancin ciwuka. Wannan sauƙin nata shi ya sa asibitoci suke sonta, shi ne kuma ya sa ta faɗa hannun kowa.

Ana kasa 'yan gidan cef zuwa zubi biyar. Na farko su sefaleksin da sefazolin, na biyu sefuroksim wanda aka fi sani da Zinnat, na uku seftirayazon da sefotaksim da seftazidim da sefiksim, na huɗu sefefim, na biyar seftarolin wanda ba kasafai za ka gan shi a nan ba. Mutane suna ɗauka na baya ya fi na farko ƙarfi, ba haka ba ne, ƙwayoyin da kowanne ya fi iyawa da su ne suka bambanta. Maruru ko gyambo ko ƙurjin da ya yi ruwa, wanda yawanci ƙwayar sitaf ce ta fata take kawowa, sefaleksin mai araha ya fi sefiksim mai tsada aiki a kansa nesa ba kusa ba. Matar da za a yi wa tiyatar haihuwa, abin da aka fi so a ba ta don kariya sefazolin ne sau ɗaya kafin a fara yanka, ba a jera mata seftirayazon na sati ba. Ƙwayar da take kawo ciwon maƙogwaro mai taɓa zuciyar yara daga baya, har yau tsohon fenisilin yana kashe ta. Sannan akwai ƙwayoyin da seftirayazon ba ta taɓawa ko kaɗan duk da suna da bango, kamar enterokokus da listeriya, shi ya sa za ka ga likitan yara ya haɗa wa jariri amfisilin, ba don bai san sabon magani ba. Shi kuma Zinnat a sha shi bayan an ci abinci, ya fi shiga jini, kar kuma a daka ƙwayar don yaro, ɗacinta ba ya haɗiyuwa, a nemi na ruwa.

Kwanaki wata dattijuwa ta shigo min da takardar gwaji a naɗe cikin gefen mayafi, ta shimfiɗa ta a kan kantar famasi tana nuna min da yatsa inda aka ja layi da jan biro.

"Ɗan nan, taifot ce suka ce ta yi min yawa, ka ba ni allurar nan guda uku, akwai yaron maƙwabta da yake min."

Na ce, "Hajiya sannu, kwana nawa kina zazzaɓin?"

Ta ce ita ba ta ma yi zazzaɓi ba, gwiwoyinta ne suke ciwo da kasala, kuma a bana wannan ne karo na uku da ake mata allurar. Na ce, "Hajiya don Allah ki yi haƙuri ba zan ba ki ba, ki bari likita ya duba ki, a auna jininki da suga da hawan jini." Ba ta ji daɗi ba, ta naɗe takardarta ta ce ai da kuɗinta ta zo, kuma na san layi ɗaya za ta tsallaka a ba ta.

Gwajin da ke takardar nan shi ne Widal, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar taifot yake nema ba, alamar da garkuwar jiki ta bari yake aunawa, kuma mu da muka tashi a garin da aka sha ruwan rijiya da na 'yan garuwa da na leda, mutum lafiyarsa ƙalau zai iya nuna wannan alamar, maleriya ma tana iya ɗaga ta. Taifot ta gaske akwai ta a Kano, ba wanda zai musa, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tiyatar yara ya ga waɗanda ta huda wa hanji. Amma ita zazzaɓi ne mai naci da yake hauhawa kwana da kwanaki, kuma in da seftirayazon za a yi maganinta kwana 10 zuwa 14 ake yi da cikakken awo. Kenan guda ukun nan da aka saba, in taifot ɗin ce ba su isa ba, in kuma ba ita ba ce an zuba wa mutum magani a banza.

Kuma ba a banza kawai ya tsaya ba. Kusan rabin seftirayazon ta hanta take fita, ta bi matsarmama ta zuba cikin hanji, ta tarar da bakteriyar da suke can. Masu rauni su mutu, waɗanda suka iya kare kansu su samu fili su yaɗu. Babbar kariyar tasu wani sinadari ne da suke fitarwa mai yanke zoben nan kafin ya kai ga bango, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1940 Abraham da Ernst Chain suka ba da labarinsa, tun ma fenisilin bai wadata ba. Don a toshe shi ne aka haɗa amoksisilin da kilabulanik asid aka samu Augmentin, shi kilabulanik ɗin ba ya wani kashe cuta, tsayawa yake ya riƙe mai yankan. Amma su ma ƙwayoyin ba su zauna ba, yanzu akwai masu fitar da nau'in da ake kira ESBL wanda yake yanke seftirayazon da 'yan uwanta gaba ɗaya, kuma abin tsoron shi ne suna iya miƙa wa junansu wannan iyawar ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Mai ɗauke da su ba ya jin komai, yana yawonsa, sai ranar da ƙwayar ta haura mafitsara ko ta shiga jini bayan haihuwa ko bayan tiyata, a ɗora shi a kan allurar da aka saba a ga shiru, kwana uku zazzaɓi bai sauka ba. Daga nan sai merofenem, duk awa 8 ta jijiya, a kwance a asibiti, da tsadar da na sha ganin magidanci ya tsaya gaban kanta yana kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya kafin ya haɗa kuɗin na kwana ɗaya. Shi ma merofenem ɗin an samu masu yanke shi, irin NDM-1 da aka fara ganowa wajen 2008 a jikin wani da ya yi jinya a Indiya, yanzu ya zagaya duniya.

Wanda yake ganin taifot ba za ta taɓa ƙin Rocephin ba ya duba Fakistan. A ƙarshen 2016 a garin Hyderabad na lardin Sindh aka samu ɓarkewar taifot da ba ta jin tsofaffin magunguna, ba ta jin sifuro (ƙwayar antibayotik ɗin nan cipro da aka saba ba mai taifot), ba ta jin seftirayazon, aka bar su da azitiromaisin da su merofenem. Ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa shi ma ya ƙi fenisilin, ya ƙi sifuro, seftirayazon ce babbar abin da ya rage masa. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta kasa antibayotik gida uku, na amfanin yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya sai an rasa yadda za a yi. Amoksisilin da sefaleksin suna gidan farko. Seftirayazon da sefiksim da Zinnat suna gida na biyu, waɗanda ake so a riƙa lissafa yadda ake fitar da su.

Mu mutanen Kano ai mun fi kowa sanin abin da ake tanadin maganin nan dominsa. Duk shekara daga hunturu zuwa bazara sanƙarau yana leƙo mu, kuma seftirayazon tana cikin 'yan kaɗan da suke iya ratsawa su shiga ruwan da ya kewaye ƙwaƙwalwa da yawan da zai yi aiki, babba giram 2 duk awa 12, yaro kuma a auna nauyinsa a lissafa. Manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe sama da mutum dubu goma a Najeriya, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana. Rabin yaran seftirayazon aka ba su don a kwatanta, yara 11 suka rasu in aka haɗa ɓangarorin biyu, aka yi shekaru ana shari'a a kan izinin iyaye da kuma awon da aka ba yaran, har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Abin da nake so a lura shi ne tun a wancan lokacin ita ce ma'aunin da ake auna sabon maganin sanƙarau da ita, kuma kusan shekara talatin bayan nan ita ɗin ce dai muke miƙa wa hannu in an kawo yaro cikin dare.

Sannan ita kanta allurar ba wasa ba ce a hannun wanda bai sani ba. In ka buɗe kwalin za ka ga 'yar kwalba mai farin gari da ya ɗan ja zuwa ruwan ƙwai, da wata 'yar kwalbar ruwa a gefe, kuma wannan ruwan iri biyu ne. Na jijiya ruwan allura ne zalla, na ɗuwawu kuma lidokain ne mai kashe zafi don allurar tana da raɗaɗi sosai. In aka haɗa da na ɗuwawu aka tura a jijiya zai iya rikita bugun zuciya ko ya jawo jijjiga, kuma kwalayen suna kama, sai ka karanta. Jaririn da yake da shawara, musamman bakwaini, ba a ba shi seftirayazon, don tana ture sinadarin shawarar daga jikin furotin ɗin da yake riƙe da shi ya tafi ƙwaƙwalwa, illar da ba ta gyaruwa. Ba a haɗa ta da ƙarin ruwa mai kalsiyam irin Ringer a layi ɗaya, suna daskarewa, an rasa jarirai ta haka. Wanda aka daɗe ana yi masa tana iya tara masa laka a matsarmama har a ɗauka tsakuwa ce. Gudawa mai tsanani bayan antibayotik ita ma ba abin rainawa ba ce.

Sai borin jini. A da ana koyar da cewa cikin masu borin fenisilin ɗaya cikin goma zai yi da 'yan gidan cef, yanzu an gane bai kai haka ba, ya danganta da ko reshen da ke jikin zoben nasu ya yi kama, misali sefaleksin da amfisilin suna kama, sefazolin kuma ba ya kama da kowa. Amma wanda ya taɓa kumburin fuska ko leɓe ko numfashinsa ya sarƙe bayan wani magani, dole ya faɗa kafin a soka masa komai. Mummunan borin cikin mintuna yake zuwa, ɗan gwajin da ake yi a fata ba ya ba da cikakken tabbas, maganinsa kuma allurar adiranalin ce nan take. Ka tambayi kanka ko yaron maƙwabta mai zuwa gida da sirinji a aljihu yana da ita.

Zafin garin nan ma wani abu ne, a watan Afrilu muna haura digiri 40, a kwalayen magani kuma yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da 25 ko 30. Ina ganin mayar da 'yan sarin magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro zai taimaka ta wannan fuskar in an riƙe shi da gaske. A gida kuma, ruwan Augmentin na yara in an haɗa shi firiji yake so, kuma bayan kwana 7 zubarwa ake, ba a ajiye ragowar don ƙanensa. In ba wuta a unguwarku ki gaya wa mai ba ki maganin tun a wajen.

Gwajin da yake nuna taifot ta gaske, ko ƙwayar da take cikin fitsari, shi ne kalca, a shuka jinin ko fitsarin a ga abin da ya tsiro sannan a gwada wane magani ne yake kashe shi. Ana yi a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano da wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Ya fi Widal tsada, kuma sai an jira kwana biyu zuwa biyar, na san wannan ne yake korar mutane, kuma ina fata gwamnatin jiha ta sa hannu ta sauƙaƙa shi a asibitocinta. Mai ciwo mai tsanani ba a cewa ya jira sakamako, ana ɗaukar jinin ne a fara magani nan take, in sakamako ya fito a gyara. Amma a ɗauki jinin kafin allurar farko, don wanda aka riga aka yi wa Rocephin biyu a kemis kafin ya zo, sau da yawa ko yana da ƙwayar ba za ta tsiro ba, sai likita ya koma yin magani da hasashe.